Tazarar Makirufo a Faifan Buena Vista Social Club

Duk wanda ya toshe kunnuwansa biyu da iyafis ya kunna "Chan Chan", waƙar farko a faifan Buena Vista Social Club, abin da zai fara ji kafin ya rarrabe jita da ganga shi ne ɗaki. Babban ɗaki ne mai dogon rufi da bangon katako. Muryar Eliades Ochoa tana fita ta je ta taɓa bango ta dawo a ɗan makare, ta Compay Segundo kuma tana biye da ita daga ƙasa, mai kauri, kamar dattijon da ke tabbatar da zancen ƙaninsa. Da mai busa ƙaho ya shigo, ba a cikin kunnenka yake busawa ba. Yana can gefe, ka san akwai 'yan taku tsakaninka da shi. An sha yabon wannan faifai saboda tsofaffin da suka yi shi da labarin yadda duniya ta manta da su. Mu abin da ya dame mu daban ne: a ina aka ajiye makirufo, me hakan ya ba kiɗan, me kuma ya ƙwace masa.

Ga labarin a taƙaice. A watan Maris na 1996 Nick Gold, mai kamfanin World Circuit na Landan, da makaɗin jita Ba'amurke Ry Cooder suka haɗu a Habana da niyyar gwama makaɗan Kiyuba da na Mali a faifai guda. 'Yan Malin, Djelimady Tounkara da Bassekou Kouyaté, ba su samu isowa ba saboda matsalar takardun tafiya. Ga sutudiyo an kama, ga injiniyan sauti Jerry Boys an ɗauko daga Ingila. Sai Juan de Marcos González, wanda dama ya tara wasu tsofaffin hannu don wani faifan dabam, ya ƙaro wasu. Akwai Compay Segundo, haifaffen 1907. Akwai Rubén González mai fiyano, kuma fiyanon katako ake nufi mai tsirkiyoyi a ciki, ba na lantarkin da muka saba gani a sutudiyo ba. Akwai Ibrahim Ferrer, wanda ya riga ya ajiye waƙa har yana goge takalma, da Omara Portuondo, da Cachaíto López mai jibgegen gogen nan na tsaye da ake kaɗawa da yatsu. Cikin kwana shida aka ɗauki faifan a sutudiyon EGREM, ɗakin da kamfanin Panart ya fara aiki da shi tun shekarun 1940. Ya fito a 1997, ya ci kyautar Grammy a 1998, an sayar da miliyoyi.

Injiniyan da aka kawo wa ƙungiyar da kayan kiɗanta ba na lantarki ba ne yana da hanya biyu. Ko dai ya kusantar da makirufo ga bakin kowa da kayan kowa, ya raba su da allunan kare sauti, in ta kama ma ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, daga baya ya zauna ya haɗa. Ko kuma ya bar su su zauna tare, ya ja da baya, ya ɗauki abin da ɗakin ya ji. Tun da na'urori masu layuka 16 da 24 suka yaɗu a shekarun 1970, hanyar farko ce ta zama ruwan dare, har wasu suka ɗauka ita kaɗai ce ƙwarewa.

Kusanci yana da ribarsa, amma ba kyauta yake bayarwa ba. Ƙarfin sauti yana raguwa da kusan desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka. Mawaƙin da ke santimita 15 daga makirufo, in ya ɗan ja kai zuwa santimita 30, rabin ƙarfin igiyar muryarsa ya tafi ke nan, sai injiniya ya bi shi da na'urar matse sauti tana daidaita masa, ko kuma a ce ya tsaya ƙyam kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Sannan makirufon da aka ƙera ya saurari gabansa kaɗai yana da wata ɗabi'a: da zarar ka matso shi sosai sai ya ƙara wa sauti kauri. Masu gabatar da shiri a rediyo suna son wannan, domin yana ba muryar saurayi nauyin ta basarake. Jita kuwa ba ta so. In ka cusa makirufo a ramin cikinta, gurnani za ka samu, shi ya sa akan nufi inda wuyanta ya haɗu da gangar jikinta, a ɗan ja baya kamar taƙi ɗaya ko biyu. Ko a hakan ma ɓangare guda ka ɗauka. Kayan kiɗan katako da fata ba ta ƙofa ɗaya suke magana ba: tsirkiya na faɗin nata, allon gaba na faɗin nasa, baya ma haka, kuma sai a cikin iska, bayan 'yar tafiya, waɗannan suke haɗuwa su zama amon da makaɗin ya sani a matsayin nasa. Babu mahaluƙin da ya taɓa sauraron jita da kunnensa a manne da cikinta sai makirufo.

Sai matsala ta biyu, wadda ita ce take sa injiniyoyi raba makaɗa. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, wato kimanin santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na sakan. A ce mai jita yana da makirufonsa, na mawaƙin da ke kusa da shi kuma ya fi wancan nisa daga jitar da santimita 34. Amo ɗaya zai isa wurare biyu a lokuta mabambanta. In aka haɗa layukan, inda igiyar wannan ta hau ta wancan ta sauka sai su cinye juna: amon da ke kaɗawa sau 500 a sakan ya dushe, haka na 1,500, haka na 2,500, jitar ta koma kamar ana kaɗa ta a cikin bututu. Akwai ƙa'idar da ake koya wa kowane ɗan koyo game da wannan, ta uku bisa ɗaya: tazarar da ke tsakanin makirufo biyu ta kai ninki uku na tazarar kowannensu da abin da yake ɗauka, yadda yoyon da zai shiga zai yi rauni da kusan desibel 10. To amma ƙungiya mai mutum goma sha a ɗaki ɗaya, ga ƙaho ga ganguna, abin da kamar wuya, wai gurguwa da auren nesa. Mafi sauƙi a sa kowa a akurkinsa.

Mu da muke rubuta manhaja mun san wannan tunanin sarai, domin a kansa aka yaye mu. Raba aiki gida-gida, kada wani sashe ya dogara da cikin wani, yadda in ɗaya ya lalace za a cire shi a sa sabo ba tare da an taɓa sauran ba. A manhaja dabara ce mai kyau, kuma sutudiyon zamani kwafinta ne: in mai jita ya yi kuskure a baiti na uku, a goge nasa layin kaɗai a sake. Sai dai abin da ake kira ƙungiyar kiɗa shi ne daidai wannan dogaro da juna da muke gudu. Mai ganga yana sassautawa ne saboda ya ga mawaƙi ya ja numfashi. In ka ɗauke shi ranar Talata ka ɗauki mawaƙin ranar Alhamis, ka samu layuka masu tsabta, ka rasa dalilin sassautawar.

Boys bai ƙi makirufon kusa ba, an sa su. Amma ya ɗaga wasu guda biyu sama, nesa da kowa, suna sauraron ɗakin baki ɗaya, kuma a kan abin da waɗannan biyun suka ji aka gina haɗin ƙarshe. Na kusa suka zama gishiri, a ɗan barbaɗa inda murya ke neman nutsewa ko inda yatsun mai jita ke buƙatar fitowa. Wannan juya tsari ne gaba ɗaya, domin a al'ada na kusa ne tuwon, ɗaki kuwa ɗan romo ne da ake ƙarawa a ƙarshe, sau da yawa ma na'ura ce ke ƙirƙiro shi.

Abin da wannan ya haifar ya wuce daɗin amo. Makirufon da ke mita uku ko huɗu daga mutane bai damu da wanda ya gyaɗa kai ko ya karkata ba, don santimita 15 ba komai ba ce a irin wannan tazara. Abin da yake ji shi ne wa ya fi wa ƙarfi a zahiri. Ke nan hukuncin wanda zai fito da wanda zai lafa ya bar hannun injiniya ya koma hannun makaɗa, kuma waɗannan mutane ne da suka yi shekara hamsin suna wannan hukunci a gidajen rawa tun kafin a san na'urar haɗa sauti mai maɓallai barkatai. Ku saurari "Dos Gardenias". Muryar Ibrahim Ferrer siririya ce, mai taushi, irin wadda ƙaho ɗaya zai iya binnewa. Ba a binne ta ba, domin kowa ya rage hannu ya ba ta hanya, kuma ana jin ragewar a matsayin aikin mutane masu sauraron juna. Ku koma "El Cuarto de Tula", inda Barbarito Torres ya saki hannu a kan laúd ɗinsa, wata 'yar'uwar jita mai tsirkiyoyi bibbiyu. Ana zuga shi daga gefe, ganguna suna ƙara matsowa, kuma duk wannan yana faruwa ne a wuri ɗaya da kunne zai iya zanawa. Ƙahon Guajiro Mirabal ya shiga makirufon kowa, babu yadda za a yi a cire shi. A littafin koyarwa aibi ne. A nan shi ne zaren da ya ɗinke layukan suka zama abu guda.

Farashinsa a bayyane yake: babu gyara. In mutum ɗaya ya kauce, ko a karɓa a haka ko kowa ya sake daga farko. Hanyar ba ta yi wa ƙungiyar da ba ta ƙware ba rana, tona mata asiri take yi.

Akwai masu kai wannan ra'ayi ƙarshe su ce makirufo ɗaya tak shi ne gaskiya. Makaɗan bulugiras na Amurka, irin su ƙungiyar Del McCoury, sun shahara da kewaye makirufo guda a dandamali, mai baiti ya matso, in ya gama ya ja baya ya ba wani wuri, ƙafafunsu ne ke haɗa sautin. Misalin da aka fi kawowa shi ne The Trinity Session na ƙungiyar Cowboy Junkies, wanda Peter Moore ya ɗauka a wata majami'a a Toronto ranar 27 ga Nuwamba 1987 da makirufo ɗaya ƙirar Calrec mai ji ta kowace fuska. Faifai ne mai kyau ƙwarai. Amma muryar Margo Timmins ba ta da ƙarfin da za ta yi gogayya da ganguna, don haka ta wani makirufon ta rera, aka fitar da muryar ta lasifikar da aka ajiye cikin da'irar makaɗan, babban makirufon ya ɗauke ta daga can. Ba mu kawo wannan don rage wa aikin daraja ba. Mun kawo shi ne don a ga cewa ko "makirufo ɗaya" shiri ne da aka zauna aka tsara, kamar kowane shiri.

A nan ne muke da magana da Buena Vista ɗin kansa. Kunnen wanda ya tashi da rediyo da kaset ya koyi wani abu ba tare da an koya masa ba: sauti mai nisa, mai ɗaki a bayansa, na da ne, sauti mai kusanci kuma na yanzu ne. Tsofaffin faya-fayai da 'yan makirufo kaɗan aka ɗauke su don babu yadda za a yi, sai tazara ta zama tambarin tsufa. Da aka zaɓi tazara a 1996, lokacin da akwai zaɓi, an yafa wa kiɗan rigar shekarun 1940 ko an nufa ko ba a nufa ba. "Chan Chan" ba tsohuwar waƙa ba ce, a shekarun 1980 Compay Segundo ya tsara ta. Amma miliyoyin da suka saya sun ji ta kamar wani abu da aka tono daga ƙarƙashin ƙasa, na zamanin kafin juyin juya halin 1959. A daidai wannan lokacin matasan Habana, cikin ƙuncin da ya biyo bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, timba suke rawa, kiɗan su NG La Banda da Los Van Van, mai jitar lantarki da fiyanon lantarki da amo mai dukan ƙirji. Wanda ya san Kiyuba ta wannan faifai kaɗai zai ɗauka ƙasa ce ta dattawa masu hula da sigari da agogo ya tsaya musu. Fim ɗin Wim Wenders na 1999 ya ƙara wa wannan hoto fenti, amma makirufo ne ya fara zana shi.

Kuma ɗakin bai hana baƙo shiga ba. A bayan "Chan Chan" akwai jitar Ry Cooder mai jan amo kamar kuka, wadda ba ta cikin al'adar son, kiɗan gabashin Kiyuba da waƙar ta fito daga cikinsa. Ɗansa Joachim yana buga kayan kiɗan da ba na can ba, har da udu, tulun nan na ƙasar Ibo. A kunnenmu jitar ta yi kyau, ba ma cikin masu cewa a cire ta. Abin lura shi ne yadda amon ɗakin ya lulluɓe ta tare da sauran har ta zama kamar 'yar gida. Tazara tana haɗa kan abin da ke ɗaki, kuma ba ta tambayar asalin kowa. Saboda haka duk mai cewa wannan faifai "ainihin" kiɗan Kiyuba ne kamar yadda yake, ya ba makirufo shaidar da bai isa ya bayar ba. Abin da zai iya shaidawa shi ne mutanen nan sun zauna tare sun yi wannan a lokaci ɗaya. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma asarar da ta shafe mu kai tsaye, mu masu saurare ta waya. Faɗin ɗaki yana zuwa ne daga ɗan bambancin da ke tsakanin abin da kunnen dama da na hagu suka ji. Tun 1931 Alan Blumlein na kamfanin EMI ya yi rajistar dabarar ɗora makirufo biyu a wuri ɗaya suna kallon kusurwoyi dabam. Gidan rediyon Faransa daga baya ya fito da tasa, santimita 17 tsakani da kusurwar digiri 110, kusan faɗin kan mutum. Wasu kuma sukan raba biyun da mita ɗaya ko fiye, wanda ya fi ba da faɗi amma ya fi fuskantar cin junan nan da muka ambata in aka matse su suka koma layi ɗaya. Matse su ɗin kuwa shi ne abin da waya mai lasifika ɗaya take yi, haka 'yar akwatin Bluetooth ta teburin mai shayi. Ɗakin sai ya rufta, abin da ya kasance sarari ya koma hazo. Gogen Cachaíto, wanda tsirkiyarsa mafi kauri ke kaɗawa sau 41 a sakan, kusan ɓacewa yake yi, domin lasifikar waya ba ta iya furta amon da ya yi ƙasa haka, alhali shi ne ginshiƙin da kowa ya jingina da shi. Waƙar da aka ɗauka da makirufo a manne da baki, aka matse ta, aka ɗaga tsakiyarta, ita ce ke tsira a irin wannan lasifika. Masu haɗa waƙoƙin fina-finanmu ba jahilci ne ya sa suke yin haka ba, sun san inda kayansu za su ƙare. Buena Vista faifai ne da ke neman kunne biyu da ɗan shiru, kuma wanda bai ba shi waɗannan ba zai yi mamakin me ake yabo.

Duk da haka maganar ba ta tsaya a Habana ba, domin kiɗanmu na gargajiya ma aikin ƙungiya ne a wuri ɗaya. Ku tuna Mamman Shata da makaɗan kalangunsa, ko Musa Ɗanƙwairo da 'yan amshinsa. Amshi ba ya jiran jagora ya rufe baki, yakan hau kan wutsiyar baitinsa, jagoran kuma ya karɓe kafin amshin ya sauka. Ba a auna wannan da agogon kwamfuta, ido da numfashi ne ke auna shi. Kalangu kansa maƙiyin makirufon kusa ne. Fuska biyu gare shi, makaɗin yana matse tsirkiyoyinsa a hammata don amon ya hau ya sauka kamar magana, kuma ba a tsaye yake wuri ɗaya ba. In ka manna makirufo a fatar da ake duka, ƙarar makaɗi za ka samu, lanƙwasar ta tsere maka. In ka sa biyu, ɗaya a kowace fuska, ka tuna lokacin da wannan fatar ta shiga ciki waccan fita take yi, sai an juya ɗaya daga cikin layukan, in ba haka ba su cinye kaurin juna. Ja da baya mita ɗaya ko biyu yana warware yawancin wannan ba tare da an sayi komai ba.

Yawancin abin da ya rage mana na waɗancan mawaƙa an ɗauke shi ne ƙungiya na tare, a gidajen rediyo da talabijin da wuraren biki, kuma da yawansa yana da shuu da tsagewar sauti. Daga nan aka yi wani gurguwar fahimta, aka ɗora laifin a kan haɗuwar, alhali na kayan aikin ne da na kwafi a kan kwafi. Sai aka gudu zuwa ɗan akurkin da aka lulluɓe da soso, makirufo ɗaya, kowa ya shiga shi kaɗai, kalangun ma sau da yawa daga cikin fiyano yake fitowa.

Za a ce ai ba mu da ɗaki irin na EGREM. Jerry Boys ɗin nan dai shi ne ya ɗauki faifan Niafunké na Ali Farka Touré, wanda ya fito a 1999, kuma ba a sutudiyo ba: kayan aiki aka kwasa aka kai garin mawaƙin a bakin kogin Neja a Mali, aka kafa su a wani tsohon gini, janareta na ba da wuta. Abin da ake nema a ɗaki ba shi da yawa. Ya zama da faɗi da tsawon rufi, don amon da ya dawo daga bango ya ɗan makara, kada ya dawo nan take ya shaƙe na asali. Ƙaramin ɗakin siminti mai kusurwa huɗu daidai shi ne mafi muni, ya fi akurkin soso ma illa. Babban zaure na ƙasa, ko ɗakin taron makaranta ranar da babu ɗalibai, ya isa a gwada. A tsaya a tsakiya a tafa hannu sau ɗaya: in amon ya mutu a hankali, ɗakin zai yi, in ya yi ƙara kamar an ja zare a kan gwangwani, a shimfiɗa tabarmi da darduma, a rataya barguna a bango ɗaya, a sake tafawa. A zaunar da masu ganga nesa, 'yan amshi a tsakiya, jagora a gaba, a ɗaga makirufo biyu sama da kawunansu, a ba jagoran nasa na kusa don gishiri. Janareta a kai shi bayan katanga da doguwar waya, a jira dare ya yi babura su ragu. Rufin kwano kaɗai ne ba ya karɓar gyara, balle da damina.